Danshi ya cinye min ɗaki, dan Allah a taimaka da shawara

Maman Hanif: Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da war haka, ya ruwa? Dan Allah shawara nake nema dan abin ya kai min ko'ina. Muna Anguwar Rogo ne nan Jos, gidan haya ciki da falo, cikin hunturu muka tare lokacin ɗakin fes dashi ga sabon fenti, to tunda Yuli ya kama sai ɗakin ya koma wani abu daban. Jiya na buɗe wadrob zan ciro leshin da zan saka biki, wlh sai da na zauna a ƙasa, funfuna fari fari da kore kore ta bi leshin da atamfofi uku da ko ɗinkawa banyi ba, cikin kayan lefena ne, takalmin Baban Hanif na fata kuwa kamar an barbaɗa masa gari. Na ja gado naga bangon baya yayi baƙi tun daga ƙasa har wajen gwiwa, fentin ya kumbura yana ɓarewa, in ka shafa sai wani farin gari kamar gishiri ya biyo hannunka. Gishirin miya ma ya jiƙe a roba, ashana sai na ƙyasta biyar kafin ɗaya ta kama. Wanda yafi damuna shine Hanif, shekararsa 4, kullum dare tari da toshewar hanci amma da safe in ya fita tsakar gida sai ya warware, ga ƙanwarsa wata biyu a hannu ina tsoron kar itama ta ɗauka. Ya zanyi?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Ayya sannu 'yata, Allah ya bawa yaro lafiya. Ai daminar Jos haka take, Agusta ma bai kama ba tukun, in ya kama sai a kwana uku ba'a ga fuskar rana ba. Ni abinda na tashi naga iyayenmu nayi, duk ranar da rana ta leƙo ko ta awa ɗaya ce sai a kwashe kayan akwati a baza a igiya, katifa a fito da ita a jingine, da yamma a turara kayan a kabbasa kafin a mayar. Kuma kar ki manna akwati da bango ko ki dire shi a ƙasa haka nan, ki samu katako ko bulo biyu ki ɗora a kai. Leshin ki karkaɗe shi da busasshen burushi a waje, ba cikin ɗaki ba, sannan ki wanke ki shanya a rana, in sha Allahu zai dawo in dai bata ci zaren ba.

Ummu Sadiq: Anti ki zuba kafur da yawa a wadrob ɗin da akwatuna, ni haka nakeyi kuma bana jin warin. Sannan da daddare ki hura gawayi a kurfoti ki shigo dashi ki rufe ƙofa da windo, zafin zai busar da bangon yaran ma su samu ɗumi.

Sista Rabi: Ummu Sadiq dan girman Allah kiyi haƙuri zan katse ki anan, nasan da zuciya ɗaya kika faɗa amma maganar gawayin nan rai take ci. Gawayi in yana ci a ɗaki rufe yana fitar da wata iska mai guba wadda bata da wari bata da launi, mutum sai yaji ciwon kai da jiri da kasala ya ɗauka bacci ne ke ɗibarsa, shikenan sai dai a fasa ƙofa da safe. Irin iskar da ke cikin hayaƙin janareta ce, kuma jarirai su take fara kayarwa. Maman Hanif kar ki kuskura ki kwana da garwashi a ɗaki ko da ya daina hayaƙi, rashin hayaƙin baya nufin ya daina fitar da ita.

Kafur kuma, wannan farin mai kamar alawa da ake sayarwa a kasuwa, baya tsotse danshi, wari kawai yake dannewa yana korar asu da kyankyaso. Kuma akwai yara da yawa a ƙasar nan da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a jini, G6PD muke ce masa a asibiti, yafi yawa a maza amma mata ma na samu, irin yaran nan in suka shaƙi kafur ko aka saka musu kayan da suka kwana cikinsa jininsu na iya fashewa ido yayi ɗorawa shawara ta kama su. Shiyasa kullum muke roƙon masu jego su raba kayan jariri da kafur. Hanif kuma ki kawo shi a saurari ƙirjinsa, tarin da ke tashi da daddare ya lafa da rana muna duba shi da idon asma. Hajiyarmu ki gafarce ni, turaren ma a yishi a waje ko lokacin da yaran basa ɗakin dan hayaƙinsa na ƙara tayar da tarin.

Ummu Sadiq: Innalillahi, Sista wlh ban sani ba, mu a gidanmu duk sanyi ana shigo da kasko kuma Allah ya tsare. Amma yanzu da kika faɗa na tuna muna tashi da ciwon kai muce sanyi ne. Na daina daga yau, Anti ki manta da maganata.

Hajiya Babba: Ai ɗakunanmu na da, na ƙasa ne da rufin da iska ke bi ta ko'ina, ba irin na yanzu da ake toshe su ruf da gilashi ba. Sista ta faɗi gaskiya.

Oga Birkila: Salamu alaikum. Hajiya Maman Hanif ni magini ne, shekara da shekaru ina wannan aikin daga Rikkos har Bukuru, kuma daga bayaninki na gane ciwon. Baƙin da ya taso daga ƙasa ya tsaya wajen gwiwa da farin garin nan, ruwa ne bangon ke sha daga ƙasa kamar yadda lagwani ke shan kananzir. Bulo da siminti suna da ƙananan ƙofofi, in ba'a shimfiɗa baƙar leda mai kauri ba kafin a zuba daɓe, kuma ba'a yi di-pi-si, wato shingen da ke hana ruwa hawa bango, mai kyau a saman fandishan ba, to ruwan ƙasa hawa zai yi tayi, yawanci baya wuce mita ɗaya. Farin garin gishirin ƙasa ne da na siminti da ruwan ya kwaso, in ya bushe sai ya bar shi a fuskar bango ya ture fentin. Masu gida da yawa suna tsallake ledar nan dan rage kuɗi, da rani ba mai ganewa sai damina ta tona. Ki zagaya bayan ɗakin ki duba min, akwai kwata ko wajen da ruwan indararo ke zuba ya kwanta a gindin bangon?

Injiniya Sani: Oga Birkila ya faɗi rabin maganar kuma daidai ne, amma ina da ja a kan cewa shine duka ciwon. Bangon da ke shan ruwa zai ɓata fenti, amma takalmin da ke saman wadrob da gishirin da ke cikin roba ai basu taɓa bango ba, iskar ɗakin ce ta cika da ruwa. Ruwa ta hanya uku yake shigowa ɗaki, ko ya taso daga ƙasa, ko ya sauko daga rufi da tsagar bango, ko kuma mu da kanmu mu ƙirƙire shi a ciki da girki da wanka da shanya da numfashi. Kowanne da maganinsa, in aka yiwa ɗaya maganin ɗaya asarar kuɗi ce kawai. Maman Hanif ina kike shanya in ana ruwa? A ina kike girki? Windunan a buɗe suke wuni ko a rufe?

Oga Birkila: Injiniya ranka ya daɗe ni dai abinda idona ya saba gani nake faɗa, in bango ya jiƙe ai shi zai jiƙa iskar ɗakin. A gyara ƙasa kawai sauran duk zasu bi.

Maman Hanif: Oga Birkila na zagaya yanzu da lema, wlh kamar ka gani, rufin bashi da indararo ta bayan, ruwan kwano a gindin bangon yake sauka ya haƙa rami, ga kwatar maƙwabta ta toshe da leda ruwan ya kwanta har gansakuka ta fito kore shar. Injiniya kuma gaskiya a ciki nake shanya, kasan mai jego wanki baya ƙarewa, na ɗaura igiya biyu daga windo zuwa ƙusa a bango, nafkin da kayan sanyinsu sai su kwana biyu basu bushe ba. Girki a ɗan lungun falo nakeyi da gas dan kicin ɗin gidan na haɗaka ne kuma yana yoyo. Windo kuwa tun suna ban buɗe ba saboda sanyi da sauro, kakarsu tace kar iska ta bugi jaririya, har zani na toshe ƙasan ƙofa dashi. Ruwan wankan jego ma a falon nake dafawa safe da yamma.

Injiniya Sani: To kinga ruwa baya tsami banza. Bari in miki lissafin a hankali dan ki gani da idonki. Wanki ɗaya cikin baho in aka matse aka shanya, ruwan da ya rage a jikin kayan zai kai lita biyu ko fiye, kuma in sun bushe ai ba ɓacewa ruwan yayi ba, iskar ɗakin ya koma. Gas ɗin girki shi kansa in yana ci ruwa yake fitarwa, kowane kilo ɗaya yana bada tururin da ya haura lita ɗaya da rabi, wato tukunyar kilo 12.5 kafin ta ƙare ta zuba miki kusan lita 20 a iska, jarka guda kenan, banda tururin tukunyar da ke kan wutar da na ruwan wankan jego. Ga mutum huɗu suna numfashi dare guda ƙofa a toshe.

Yanzu ga inda Jos ta bambanta. Iska mai ɗumi tafi mai sanyi iya riƙe ruwa, a digiri 30 kowace mita ɗaya ta ko'ina ta iska tana iya ɗaukar kusan giram 30 na ruwa, a digiri 20 kuwa kusan giram 17 kawai. Mu nan muna kan tudu sama da mita 1,200, dare na yin sanyi ko da damina, bango yayi sanyi ƙalau, to iskar ɗakin mai ɗumi mai ruwa in ta taɓa shi sai ta sauke ruwan a jikinsa, kamar yadda kike ganin fiya wata mai sanyi na yin gumi in an fito dashi daga firij. Kuma tafi saukewa inda iska bata motsi, bayan gado, bayan wadrob, kusurwa, ƙarƙashin katifa. Masana lafiyar gidaje suna cewa danshin cikin ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, kar dai ya haura 60, dan daga nan funfuna ke samun wurin zama, da wasu ƙananan ƙwari da ido baya gani masu zama cikin katifa da filo da kafet, kashinsu ne ke sa atishawa da tari. A watannin nan iskar waje ma takan haura kashi 80, balle ɗakin da aka rufe ana dafa ruwa a ciki.

Ga gwajin da zai raba gardamata da Oga Birkila, bashi da tsada. Ki yanko leda fara mai kauri kamar faɗin faranti guda biyu, ki goge bangon ya bushe, ki manna ɗaya a ƙasa inda yayi baƙi, ɗaya a sama daidai kafaɗarki ko a bangon bayan wadrob, ki bi gefunan duka huɗu da salatif kar iska ta shiga, ki barsu kwana biyu. In ruwa ya taru ta cikin ledar ɓangaren bango, daga bangon yake fitowa. In ta waje ya taru ɓangaren ɗaki, iskar ɗakin ce.

Oga Birkila: Na yarda da gwajin, ayi mu gani.

Baban Zara: Ina biye daku daga Kubwa. Mu nan Abuja namu salon daban ne, zafi ne da danshi a haɗe, kayi wanka ka fito jiki na danƙo, zanin gado kamar an yayyafa masa ruwa. Kuskuren da nayi shekarar da muka dawo, na sayi kular nan da ake zubawa ruwa da ƙanƙara tana hura iska, da bazara wajen Maris tayi min amfani sosai dan iska a bushe take, amma da damina ta shigo na cigaba da kunnata sai littattafaina suka fara lanƙwashewa, bel ɗina da jakar madam duk suka yi funfuna, ashe ita aikinta kenan ƙarawa iska ruwa. Duk mai ita ya ajiye ta sai hunturu ko bazara. Fanka ma bata cire ruwa daga iska, juya ta kawai takeyi, amma tana hana ta kwanciya a lungu kuma in windo a buɗe yake tana taimakawa ta kore ta waje. Abinda ya raba ni da matsalar iyakwandishan ne, a jikin rimot akwai alamar ɗigon ruwa, in ka saka a nan sanyin kaɗan yake bayarwa amma yana tatse ruwan iska, na taɓa tara bokiti a bakin tiyon waje na wuni ɗaya naga ruwan da ya taru sai da nayi mamaki wai duk daga ɗakina ya fito. Wani mai gyara ya faɗa min in injin yafi ƙarfin ɗakin ma matsala ne, nan da nan zai sanyaya ya tsaya bai gama tatse ruwan ba, sai ka samu ɗaki mai sanyi amma a jiƙe.

Maman Ilham: Baban Zara ai wannan maganin masu hali ne, mu a Jos wa zai saka iyakwandishan da damina ana rawar ɗari, ga kuɗin wuta.

Baban Zara: Gaskiyarki Maman Ilham, ku abinda ya dace daku na'urar tsotse danshi ce, ita bata sanyaya ɗaki, ɗan ɗumi ma take ƙarawa, tana da tanki a ƙasa da ruwan ke taruwa kina zubarwa. Ƙaramar ta gida wutar da take ja bata wuce wat 200 zuwa 400 ba, in ta wat 300 ce kika kunna awa 6 bai kai yunit 2 ba, ko a layin wuta na Band A da yunit ya haura naira 200 a 2024 kinga wajen naira 400 kenan a farashin lokacin, inbata mai ɗan ƙarfi ma na ɗaukarta. Sayenta ne dai da nauyi. Amma kafin nan akwai ɗan ma'aunin danshi kamar agogon tebur mai batir, bashi da tsada, masu kayan lantarki na sayarwa, shi zai nuna miki lamba ki daina aiki da zato.

Injiniya Sani: Duk daidai ne, amma kar Maman Hanif taji an ambaci na'ura ta karaya. Ko an bata kyauta, in igiyar shanya na ciki tukunya na tafasa a falo windo a rufe, ɗiban ruwa ne da kwando. A fara da na banza tukun. Windo biyu masu kallon juna a buɗe su daga hantsi zuwa la'asar in ba ruwa ake ba, musamman in rana ta fito dan lokacin iskar waje tafi bushewa, da asuba da dare kuwa a rufe. Jaririya a saka mata kayan sanyi da hula a kwantar da ita inda iskar bata buga ta kai tsaye, sauro kuma raga a windo da gidan sauro. Lokacin girki dole windon kusa ya zama a buɗe tukunya da murfi. Gado da wadrob a janye su daga bango kamar faɗin tafin hannu, ƙofar wadrob a barta a buɗe da rana, kar a cusa kaya dam.

Alhaji Mai Gida: Bari in saka baki a matsayina na mai gidajen haya, dan naga an fara jingina laifin a kanmu. Ba kowane mai gida ne ke tsallake leda ba, wani gidan an gina shi tun kafin a san da ita. Kuma ina da 'yan haya da na basu ɗaki lafiya lau suka manne winduna da kwali da leda shekara guda, suna girki a ciki, da zasu tashi silin yayi baƙi ƙirin suka ce gidana ne ba kyau. Ni abinda nakeyi in bango na wannan ciwon, in sa a kankare a shafa fenti mai mai ko a manna tayil zuwa ƙugu, shikenan an huta.

Oga Birkila: Alhaji Allah ya ƙara girma, ka yafe ni amma tayil ɗin nan rufe ciwo ne da bandeji ba'a wanke ba. Ruwan yana nan cikin bulo, da yana fita ta fuskar bangon yanzu ka toshe masa hanya, sai ya ƙara hawa ya ɓullo ta saman tayil ɗin ko ya fita ta ɗakin maƙwabci, nasha zuwa gida in tarar da layin baƙi daidai inda tayil ya ƙare, in ka ƙwanƙwasa tayil ɗin kaji yana ƙara kamar ganga ya saki. Fenti mai mai shima kumbura yake yayi ƙuraje. Aikin daga waje ake fara shi, a saka indararo ruwan kwano ya tafi nesa, a yashe kwata, a zuba kankare zagaye da gindin bango kamar faɗin taku biyu a karkata shi waje, in ƙasar waje tafi daɓen ɗaki tudu a rage ta. Sai a bar bangon ya sha iska, sai hunturu in ya bushe a sassaƙe tsohuwar filasta har sama da inda ruwan ya tsaya a sake sabuwa da maganin hana ruwa a cikin simintin, sannan fenti. Duk wanda ya maka fenti a watan Agusta kuɗinka yaci.

Alhaji Mai Gida: To ai kaji, wannan aikin wa zai biya? Kuɗin hayar shekara nawa ne duka duka.

Hajiya Babba: Alhaji ai gidanka ne, bangon in ya ruɓe ba ɗan haya zai yiwa asara ba, shi tattara kayansa zaiyi. Indararo da kwata dai ba'a kai ruwa rana a kansu ba. Ku zauna da maigidanta ayi magana ta fahimta, ko su gyara a cire a kuɗin haya.

Alhaji Mai Gida: Hajiya ba gidana bane nata, amma na karɓi maganar, in nawa ne indararon zan saka. Filastar ce dai sai an duba aljihu.

Maman Ilham: Tunda ana maganar, ni nawa a sito ne. Buhun masara da gyaɗar da aka kawo min daga ƙauye na ajiye a ƙasa, jiya na buɗe naga ta ƙasan ta canza launi tana wani bashi bashi, garin kuɓewa da kuka duk sun dunƙule. In na wanke masarar na shanya za'a iya kaiwa inji?

Sista Rabi: Maman Ilham wadda ta canza launi ki zubar, kar ki bawa kaji ma. Funfunar masara da gyaɗa na iya barin wata guba da wanki baya cirewa dahuwa ma bata kashe ta, hanta take yiwa illa a hankali kuma tana tauye girman yara. Ki tsince mai kyau ki baza a rana ta bushe ƙayau, buhu a kan katako nesa da bango, su kuka da kuɓewa da daddawa a roba ko kwalba mai murfi gam.

Maman Hanif, wajen wanke bangon kuma ki fitar da yaran tukun, windo a buɗe, ki rufe hanci da takunkumi ki saka safar hannu. Ruwan omo ki fara gogewa dashi sannan Hypo ko Jik kofi ɗaya cikin ruwa lita 4, ki shafa ki barshi ya bushe. Dan Allah kar ki haɗa shi da ruwan wankin masai ko wani sinadari wai dan yafi ƙarfi, haɗin na tayar da iska mai ƙona ƙirji. Ki ɗaga katifar ki duba ƙasanta da filon Hanif, in funfunar ta shige cikin soson sosai to haƙuri za'ayi da ita.

Maman Hanif: Jama'a barkanmu da safiya, na dawo da sakamako kamar yadda nayi alkawari, yau kwana biyu cif. Ledar ƙasa da na ɓare ta cikinta jiƙe take sharkaf har bangon wajen yafi sauran duhu. Ta bayan wadrob kuma cikinta a bushe amma bayanta yayi raɓa raɓa jiya da safe na shafa da yatsa naga layi. Dan haka Oga Birkila da Injiniya duk kunyi gaskiya. Na kwance igiyoyin, Baban Hanif ya ɗaura min wasu a baranda ƙarƙashin kwano, ruwan wanka a can nake dafawa yanzu, na janye gado zuwa ɗaya bangon, windo tun ƙarfe goma nake buɗewa, kakarsu ta ɗan yi faɗa amma da na nuna mata ƙasan katifar Hanif da yayi ɗigo ɗigo baƙi ita da kanta tace a fitar da ita. Mun kai shi asibiti jiya sun saurari ƙirjin sun bamu magani sunce mu dawo bayan sati biyu, daren jiya sau ɗaya kawai naji tarinsa. Leshin ya fita Hajiya, atamfa ɗaya ce tabon ya zauna a gefe, tela yace zai iya kaucewa wajen. Mai gidan namu yace a saka indararon a cire a haya, kwatar kuma samarin layi zasu yashe ran Asabar.

Injiniya Sani: Alhamdulillah. Ki sake manna leda a bayan wadrob ɗin bayan sati guda ki gani ko raɓar ta ragu, in kin samu ma'aunin nan kuma ki turo mana lambar safe da ta yamma.

Oga Birkila: Madalla. Ki faɗawa Baban Hanif ya auna min tsawon bayan ɗakin da taku, in faɗa masa indararo nawa zai saya da buhun siminti nawa kankaren zai ci kar a cuce shi a kasuwa. Bututun saukar ruwan kuma a kai shi har cikin kwata, kar a barshi yana zuba a gindin bangon.

Maman Hanif: Yace taku goma sha ɗaya ne Oga, in Allah ya kaimu gobe bayan azahar zai kira ka.